Yaƙin da Ba Shi da Fage: Abin da Na Gani a Mafara, Bakura da Maradun

Hanyar Gusau zuwa Sakkwato a da hanyar gyangyaɗi ce, fasinja ya jingina kai sai ya ji an ce Mafara. Yanzu babu mai runtsawa. Ni baƙo ne daga Kano, yaƙin Zamfara a rediyo nake jin sa, don haka ban fahimci dalilin da ya sa direba ya matsa mu tashi da hantsi ba sai da na ga yadda idon kowa ya koma kan dajin gefen titi, ana ta salati ƙasa-ƙasa. A wajen Mayanchi aka nuna mini yankin da sojoji suka yi wa jagoran 'yan bindiga Halilu Sububu kwanton ɓauna suka kashe shi a watan Satumbar 2024. Sububun da ake masa laƙabi da ita daji ne a ƙaramar hukumar Maradun, ɗaya daga cikin wuraren da na nufa.

A shingayen bincike na fara ganin su da kyau. Yawancinsu samari ne, a bayan buhunan yashi, da hular kwano da rigar sulke cikin ranar da ke ƙona ƙeya. Wani daga jin Hausarsa ka san daga kudu ya fito. Direba ya ce, “Sannu da aiki, yallaɓai,” ya amsa da kai, idonsa bai bar bayan motarmu ba. Na yi ta tunanin uwarsa, wadda wataƙila ba ta taɓa jin sunan Bakura ba sai da aka turo ɗanta.

Ƙasar nan ta san yaƙi tun ba yau ba. A Faru, kusa da Maradun, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana wa'azi tun kafin jihadi, kuma Zamfarawa sun ga abin da ya biyo baya, daga yaƙin Tabkin Kwatto a 1804 har faɗuwar Alƙalawa a 1808. Sarautun da ake ji a yau, Sarkin Mafara, Sarkin Burmin Bakura, Sarkin Kayan Maradun, duk suna ɗauke da ƙurar wancan zamani. Amma yaƙin da, runduna ce ke fuskantar runduna. An san fage, an san tuta, jarumi yana ganin wanda zai kara da shi. Na yanzu ba shi da fage. Maharan su zo a kan babura, mutum biyu ko uku a kowane, su yi ɓarna su koma daji kafin a kai labari sansani. Wani lokaci wanda ya tsegunta musu inda soja ya kwana, infoma kamar yadda ake ce musu a nan, a cikin gari yake, ana sahun salla da shi.

Shekarar 2021 ce mutanen yankin suka fi ambata mini. A ranar 26 ga Fabrairu aka kwashi ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako su a farkon Maris. A watan Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, aka kashe ɗan sanda da masu gadi, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗebi ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta Maradun. A wannan tsakanin ne aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Mutum ya tsaya a kasuwar Mafara ranar Talata, ya ga buhunan shinkafa da albasa da ake lodi, sai ya gane irin ƙuncin da rufe ta ya jawo. Kuma abin da ya fi ɗaure mini kai, waɗannan garuruwa uku kowanne ya haifi gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura, Abdul'aziz Yari na Mafara, Bello Matawalle na Maradun. Bai hana komai ba.

Na je bakin madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan gulbin Sakkwato. Fadamar shar da shinkafa. Can nesa da titi kuwa, an faɗa mini, akwai ƙauyukan da manomi ba ya shuka ko girbi sai an biya 'yan bindiga haraji. A nan ne kuma a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka harbe manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Dattawa ba su manta ba. Na kawo wannan ne domin a fahimci cewa tsakanin talakan Zamfara da mai kaki akwai tsohon tabo, kuma harin jirgin sama da ya faɗa kan 'yan sa-kai da fararen hula a Tungar Kara a Janairun 2025 ya ƙara fama shi. Duk da haka, ban haɗu da mutum ɗaya da ya ce a janye soja daga garinsu ba. Kukan kowa shi ne a ƙaro, kuma in an kira su zo da wuri.

Jarumtar da ake bugawa a jarida ita ce irin ta matuƙin jirgin yaƙi Abayomi Dairo, wanda aka harbo jirginsa a Yulin 2021, ya dirgo da lema, ya ratsa daji cikin dare har ya tsira. Ya cancanci yabo. Amma wadda ta fi taɓa ni ita ce ta wanda ba a san sunansa ba: ƙaramin soja a sansanin ƙauye, ya san maharan sun fi su yawa, ya san agaji na iya makara, ya san abin da ya faru a Mutumji ta ƙaramar hukumar Maru a Satumbar 2021 inda aka kashe jami'an tsaro 12 a sansaninsu, ya kuma ɗauki bindiga ya hau gadi. Ba don ba ya jin tsoro ba. Yana ji, sai dai a bayansa akwai mata da yara da ke barci saboda yana nan. Haka su ma askarawan da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024, 'ya'yan manoma ne da suka san kowane lungu na daji, su ne kan gaba in ana bin sawu, kuma an sha binne su.

An sauya sunan rundunar sojan da ke wannan yaƙi daga Hadarin Daji zuwa Fansan Yamma, an gwada sulhu ya rushe, an ayyana maharan a matsayin 'yan ta'adda tun Janairun 2022. Duk wannan shawarar manya ce a ofis. Wanda ke biyan kuɗinta da jininsa shi ne yaron nan na bayan buhun yashi. Jarumta ba ta maye gurbin harsashi da motar sulke da albashi a kan kari, kuma zalunci ne a riƙa dogaro da ita don toshe gibin da sakaci ya bari. Ina roƙon hukumomin tsaro, idan soja ko askari ya faɗi a Zamfara, a bayyana sunansa mu sani, a kuma biya iyalinsa haƙƙinsu ba tare da matarsa ta yi ta zarya tsakanin ofisoshi da marayu a hannu ba.