Wai Launi Ƙauyanci Ne?



Duk wanda ya daɗe yana karanta littattafanmu na Hausa ya san wani falo guda ɗaya, ko da kuwa bai taɓa taka ƙafarsa cikinsa ba. Shi ne falon nan da ake shigar da yarinya 'yar talakawa a karo na farko, ta tsaya a bakin ƙofa tana rarraba ido, santsin tayil yana neman kayar da ita. Kujeru 'yan Italiya, labule daga Dubai, wata tafkekiyar talabijin ta cinye rabin bango, sanyin na'ura yana ratsa ƙashi. A da komai na cikinsa ruwan zinare ne, yanzu kuma yayi ya juya, komai fari ne da ruwan toka. Sunan maigidan kawai ke canzawa daga littafi zuwa littafi, yau Alhaji wane, gobe Janar wane, amma falon yana nan yadda yake.

Ni kuwa tun da na fara rubutu, ɗakunan matan da nake ƙirƙira ba sa rabuwa da launi. Sai na rataya musu faifai a bango, na shimfiɗa tabarmar kaba mai ja da kore, na ajiye tumtum na jar fata a gefen gado. Kwanakin baya a wajen wani biki wata yarinya mai bin littattafaina ta tare ni, bayan mun gaisa ta ce, "Anti, wallahi labarin ya yi daɗi, amma don Allah me ya sa kika yi wa amaryar nan ɗakin ƙauye? Mijinta fa mai kuɗi ne." Dariya na yi, muka rabu a haka. To amma tambayar da ta bar mini ita ce nake so mu duba tare: yaushe launi da aikin hannu suka zama ƙauyanci a wajenmu?

Ɗakin da ya fi kowane ɗaki kyau a idona tun ina yarinya shi ne na kakata, a cikin birnin Kano. Ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, ƙofarsa gajera, sai babba ya sunkuya. Amma kana shiga za ka ga jere tun daga ƙasa har kusa da rufi: tasoshi da kumbuna da langa-langa da fanteka, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kowane murfi da furensa, wani ja, wani shuɗi, wani ruwan ɗorawa. Sama da su faya-fayai ne da ta saƙa da hannunta, a gefe ga ƙore masu zane an kife su bisa juna. Gadonta mai rumfa ne, an lulluɓe shi da luru. Idan hantsi ya leƙo ta 'yar tagar nan ya sauka kan jeren, sai ɗakin duka ya ɗauki ƙyalli. Ranar da za a wanke jere kuwa aiki ne na yini guda, mu jikoki muna miƙo, ita tana mayarwa, kuma ba ta taɓa yarda wani kwano ya hau gurbin ɗan'uwansa ba. Ta san wanda uwarta ta saya mata, ta san wanda ta saya da kuɗin ƙuli-ƙulinta, ta san wanda ta ware wa 'yar autarta.

Ku lura da wani abu. Kwanukan nan ba a Kano aka fara ƙera su ba. Daga Turai da Hongkong ake shigo da su, kafin daga baya masana'antun cikin gida su kama yi. Ke nan iyayenmu ba su ƙi kayan waje ba. Sun karɓa, suka jera shi yadda idonsu ya ga dama, suka haɗa shi da ƙwarya da faifai, har ya zama nasu. Kuma jeren nan asusu ne, idan rana ta ɓaci mace ta ciri kwano biyu ta sayar ta rufa wa kanta asiri.

Saboda sana'ar rubutu nakan tara hotunan ɗakuna, na kuma zauna na kalli shirye-shiryen da ake nuna gidajen mutanen wasu ƙasashe. A nan ne na ci karo da Harar, wani tsohon birnin Musulmi mai ganuwa a gabashin Habasha, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Wallahi da na ga cikin gidajensu sai da gabana ya faɗi, kamar an ɗauko ɗakin kakata an kai can. Bangon babban ɗakinsu a cike yake da kwanduna da faya-fayai masu launi, da akusan katako, da farantan langa irin namu sak, an jera su biyu-biyu, na dama yana kallon na hagu. Daɓen ɗakin ja ne. An yi dakali-dakali a ciki an shimfiɗa dardumai, kowa da inda yake zama gwargwadon girmansa, maigida da nasa, baƙi da nasu. Yarinyar Harar tun kafin aure take zama ta saƙa kwandunan da za ta kai ɗakinta, har da wani na musamman da ake yi wa uwar miji. Ashe dai abin da muke jin kunyarsa, wasu suna can suna buɗe wa baƙi ƙofa su shigo su kalla, har a biya su.

Sai kuma Saudiyya, wadda a tunanin da yawa daga cikinmu babu komai cikinta sai marmara da gilashi, tun da abin da muke gani ke nan idan mun je Makka da Madina. Amma a kudu maso yammacin ƙasar akwai yankin Asir mai duwatsu, inda birnin Abha yake. A can mata ne ke yi wa cikin ɗaki zane, musamman ɗakin baƙi. Za a fara shafe bango da farin alli, sannan uwargida ta zana layuka da baƙi, ta fitar da 'yan dala-dala da murabba'i, sai 'yan uwa da maƙwabta su taru a cike su da ja da kore da shuɗi da rawaya. Suna kiran wannan ado Alƙaɗɗul Asiri, kuma a 2017 UNESCO ta amince da shi cikin al'adun da ya kamata duniya ta adana. Abin da ya fi burge ni shi ne gayyar da ake yi. Yara mata suna tsaye suna kallo, a miƙa musu buroshi su cike ɗan lungu, da haka suke koya. Irin gayyar da matan unguwa ke yi ne ranar daɓe, ana waƙa ana bugu.

A kusa da mu ma, a kudancin Burkina Faso dab da iyakar Ghana, akwai garin Tiyebele na ƙabilar Kasena. Maza ne ke gini, mata ne ke ado. Da jar ƙasa da farar ƙasa da baƙin dutse suke zana bangon, su goge shi da dutse har ya yi sumul, sannan su dafa ɓawon ɗorawa su shafe shi da ruwan don kada damina ta wanke. Wannan ai makuba ce, wadda maginanmu suka sani tun kaka da kakanni. A 2024 fadar sarkin garin ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya. Can kuma a Afirka ta Kudu akwai wata dattijuwa 'yar ƙabilar Indebele, Esta Mahlangu, da ta koyi zanen bango a wajen uwarta da kakarta tun tana 'yar shekara goma, da gashin kaza take ja wa layi, ba ta amfani da rula. A 1991 kamfanin BMW ya miƙa mata sabuwar mota ta yi mata irin zanen bangon gidansu. Motar da muke ba attajiran littattafanmu don a san sun isa, ita ce masu ita suka kai wa matar ƙauye ta ƙawata.

Mu da muka tashi da finafinan Indiya kuwa ba sai an gaya mana yadda mutanen can suke son launi ba. A yankin Kac na jihar Gujarat akwai masu zama a ɗakunan ƙasa masu kewaye kamar bukkokinmu, matan sukan kwaɓa yumɓu su yi zane mai tudu a bango, su dasa ƙananan madubai a ciki. Da dare idan an kunna fitila ɗaya tak, sai ta koma ɗari. Dabarar talaka ce, wanda ba shi da kuɗin fitilu da yawa amma yana son ɗakinsa ya yi haske.

Waɗannan mutane ba harshensu ɗaya ba, wasu ma ba addininsu ɗaya ba, kuma zanen wata ba ya kama da na wata. Abin da ya haɗa su shi ne idan ka shiga ɗakin za ka san mutum ne ya yi shi, har ka iya cewa wance ce. Layin da aka ja da hannu ba ya miƙewa ɗoɗar, faifai biyu ba sa zama iri ɗaya ko da mace ɗaya ta saƙa su. A nan daɗin kallon yake. Kayan inji kuwa ranar da aka kawo su suka fi kyau, daga nan kullum baya suke yi, alhali tumtum na fata ko akushi, tsufa ƙara musu kwarjini yake.

Kada a ce ina yabon da ne kawai. Jere yana da nasa wahala: ga ƙura, ga kyankyaso, ga gasar da ta sa iyaye mata da yawa suka kwana ba barci don kada a raina ɗakin 'yarsu. Amma gasar ba ta mutu ba, tufafi ta sake, kuma ta ƙara tsada. Yau uba zai ci bashi ko ya sayar da fili don a yi wa 'yarsa fararen kujeru da farin gado da farin labule, a gari mai ƙurar hunturu, a gidan da nan da shekara biyu yara za su fara rarrafe. Ka shiga ɗakin amare biyar a wata guda, ka rasa gane na wacce ka shiga, duka kamar ɗakin otal. Idan yayin ya wuce, kujerun da aka kashe dukiya a kansu ko rabin kuɗinsu ba za su dawo da shi ba.

A gefe guda kuma ga masu sana'ar hannu suna zaune. Je ka Ƙofar Mata ka ga rijiyoyin rini da ake cewa tun 1498 suke, ka ƙirga nawa ne ke da baba a ciki, nawa ne suka bushe. Shiga Kasuwar Kurmi wajen dukawa ka ga su waye ke tsayawa sayen tumtum da jakar fata, za ka tarar baƙi sun fi 'yan gari ɗoki. Jar fatar akuyar Sakkwato da aka riƙa ɗauka a raƙuma ana haye Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, ita ce 'yarmu take cewa ta ƙauye. Hoton Ladi Kwali yana jikin naira ashirin tana ginin tukunya, kullum yana wucewa ta hannunmu, amma 'yan mata nawa ne za su yarda a ajiye tukunyar ƙasa mai zane a falonsu? Duk sana'ar da 'yan gida suka daina saye, ɗan mai sana'ar ba zai gaje ta ba, acaɓa zai kama ko ya tafi ci-rani.

A nan nake ganin mu marubuta muna da abin yi. 'Yan mata da yawa a littafi suke fara ganin ɗakin da suke mafarki. Abin da muka kira haɗuwa shi za su kira haɗuwa, shi za su tasa iyayensu a gaba a kansa. Alƙalamin da ya iya sa mai karatu ta ji sanyin na'ura a jikinta, zai iya sa ta ji ƙamshin sabuwar tabarma da turaren wuta, ta ga yadda shuɗin rini yake sheƙi a kan farin bango. Attajirin littafi yana iya gina gidansa da zankwaye da dagi a goshin ƙofa, irin na gidajen Zariya da Damagaram, kuma arzikinsa bai ragu ba.

Ke kuma amarya ko uwargida, ban ce ki zubar da kujerunki ba. Ki bar bango uku yadda suke, ki ɗauki ɗaya ki jera masa faya-fayai bakwai ko tara, manya da ƙanana. Ki yafa luru ko saƙi a bayan doguwar kujera. Ki zaɓi launi biyu ko uku da ranki yake so ki tsaya a kansu, don kada ɗakin ya koma rumfar kasuwa. Idan kin samu darduma 'yar Turkiyya ko matashi mai madubai ɗan Indiya, ki haɗa su da namu, ba sa faɗa da juna. Kafin ki tafi kanti kuma, ki leƙa ƙarƙashin gadon mahaifiyarki ko kakarki, mai yiwuwa akwai tasa ko kumbo da aka naɗe a tsumma shekara talatin, ana jiran wadda za ta tambaya. Ki zauna a ba ki labarin yadda aka same shi, ki riƙe, domin wata rana 'yarki za ta tambaye ki.

Allah Ya sanya albarka a hannun masu sana'a, Ya zaunar da amarenmu lafiya a ɗakunansu, masu launi da marasa launi baki ɗaya. Amin.