Fitilun Ɗakin Inna

Yau labarin ɗakin Inna na kawo muku. Da kuɗin littafina suka fito, na cika alkawarin yi mata silin na zamani, da ƙananan fitilun LED ɗin nan da ake binnewa a cikinsa. Na shiga kasuwar Sabon Gari, iyakar sanina wat, na ce a ba ni huɗu masu ƙarfi.

Daren da aka kunna, sai haske ya zubo kamar na tocila, da'ira huɗu a ƙasa, tsakaninsu duhu. Inna ta buɗe Alƙur'aninta a kan darduma, ta matsa nan, ta matsa can, can ta ce, "'Yar nan, maido min da tsohon ƙwan nawa." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Mai wayarin ne ya nuna min lambar da ke jikin kwalin, digiri 24, wato faɗin bazuwar hasken. Daga silin mai tsayin mita 3, irin wannan mita ɗaya da 'yan kai yake haskawa a ƙasa. Mai digiri 60 kuwa yana cin kusan mita uku da rabi. Ƙaramar lamba ta haska hoton bango ce ko kayan kabet, babbar ita ce ta ɗakin zama.

Na koma na sayo masu 60, kuma 3000K, mai ɗan ruwan ɗorawa da ba ya kashe ido. Asarar ta yi min ciwo, amma jiya har sha ɗayan dare ina jiyo karatunta.

'Yar'uwa, kafin ki miƙa kuɗi, duba digirin.