YINI GUDA A ELMINA, GARIN MASUNTA

Elmina gari ne na bakin teku cikin ƙasar Gana. Mutanen garin Fanti ne, su kuwa Edina suke ce ma garinsu. Daga Akra, wadda tsofaffi ke ce ma Ankara, kilomita 150 ne da ƴan kai, wajen yamma. In mutum ya shiga mota da asuba, da hantsi shina can, kuma ya komo Akra ya kwana.

Lokacin da ya fi kyau a je shi ne damana, daga watan Yuli zuwa Satumba. Sa'ad da manoman Maraɗi da Tawa ke cikin noma, masuntan Elmina kakarsu ce ta yi. Cikin watannin nan ruwa mai sanyi na tasowa daga ƙarƙashin teku, shina kawo abincin kifi sama. Ƙananan kifaye, irin sardin ɗin da ake sa ma gwangwani, sai su biyo shi garke garke. Amma kar a je ran Talata. Ran Talata ba mai shiga teku. Ranar hutu ce tun kaka da kakanni, ranar ɗinkin taru da gyaran jirgi.

Baƙo ya fara tsayawa bisa gadar da ke bakin tabkin Benya, inda tabkin ya gamu da teku. Daga nan zai ga jirage ɗari ɗari sun cushe, kowane da tutocinsa da fenti iri iri, da suna rubuce a jikinsa. Gindin jirgin icce guda ne, ana ce mashi wawa, daga kurmi ake saro shi a fafe. Bayan nan a ƙara katako, a ɗaura inji. Babban jirgi na ɗaukar mutum 15 ko fiye.

In jirgi ya iso, aikin maza ya ƙare, na mata ya tashi. Su ke sayen kifi kwano kwano, su ke yanka kuɗi. Wata ma ita ce ta ba da kuɗin mai tun kafin a fita, saboda haka kifin hannunta za ya faɗa. Su yi banda bisa murhun laka, a jera faifan waya bisa juna. Murhun ga sunansa Corkor, an ƙago shi kusa da Akra a 1969, kuma ba shi cin icce kamar na da. Hayaƙinsa dai sai mai haƙuri. Da rana ta take, akwai dokunu da soyayyen kifi da barkono a bakin hanya.

Dab da gadar akwai wani makeken farin gini. Mutanen Fotugal suka gina shi a 1482 don cinikin zinariya. Holand ta ƙwace shi a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Cikin ɗakunansa na ƙasa aka tsare bayi kafin a zuba su jirgi zuwa Amurka. Ana biya a shiga. Ba mai fitowa da dariya.

To, abin da ke damun garin shi ne kifi ya ragu ƙwarai. Manomi ya san gonar da ba a bari ta yi saura ba. Makiyayi ya san makiyayar da bisashe suka yi ma yawa. Haka teku take. Jirage sun yi yawa. Wasu na sa taru mai ƙananan ido, shina kwashe har da ƴaƴan kifi. Wasu na kunna fitila da dare don kifi ya taru, ko da yake doka ta hana.

Babbar ɓarna kuwa daga manyan jiragen ƙarfe ta zo, yawancinsu na kamfanonin Sin masu ɗauke da tutar Gana. Sun riƙa kama ƙananan kifi, su daskare shi da ƙanƙara, su sayar ma wasu jirage a tsakiyar teku. Ana ce ma cinikin ga saiko, kuma Elmina ce ta zama babbar kasuwarsa. Wata ƙungiya mai suna EJF ta ƙiyasta tan 100.000 aka sauke ta hanyar ga a 2017 kaɗai.

Mutanen da suna da tasu dabara. Kowace shekara akan rufe tabkin Benya na ƴan makonni, sai ran Talatar farko ta Yuli sarki ya buɗe shi da bikin Bakatuwe. A 2019 gwamnati ta bi sawu, ta hana ƙananan jirage shiga teku wata guda. A 2021 ta sake, cikin Yuli. Masunta da yawa sun yi kuka: wata guda ba kifi, da me za a ci da gida?

Da la'asar jiragen kwana ke fita ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashin ginin nan. Mai komawa Akra ya sayi bandarsa ya nufi tasha tun da haske, don hanyar na cushewa da mota in an kusa birni.