Kafin Mu Ce A Kashe Fitilar Nan

 Zancenmu na yau a kan wata 'yar fitila ce mai ruwan ɗorawa, wadda girmanta bai wuce farcen babban yatsa ba. Tana allon da ke gaban direba, da siffar injin mota, direbobi da makanikai kuma suna ce mata cek injin. Da yawa daga cikinmu a Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa da mota muke ci. Wani direban haya ne, wani yaron mota, wani yana koyon kanikanci, wani kuma shi ke jan motar ikkilisiya duk ran da za a je taro ko biki ko jana'iza. Sauranmu fasinjoji ne. Ke nan babu wanda maganar fitilar nan ba ta shafa ba.

Akwai lokacin da ake tunawa da ita: sa'ad da takardun mota suka ƙare za a je wurin jami'an VIO neman shaidar lafiyar mota, ko za a sayar da motar, ko mai ita ya ce a kawo ya gani. A ranar ce mukan ji ana ce wa bakanike, "Oga, ka taimaka ka kashe mini ita kawai, gobe za a duba motar." Hanyoyin kuwa sanannu ne. Ko a jona na'ura a goge, ko a cire kan batir na ɗan lokaci, ko a buɗe allon a liƙe fitilar da baƙin salatif. Wasu ma cire ƙwan suke yi gaba ɗaya, su ce sun huta.

Kafin mu yanke hukunci a kan wannan ɗabi'a, ya kamata mu san abin da fitilar take faɗa.

Iyayenmu da suka ja Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, da kunne da hanci suke gane ciwon mota. Motocin da muke sayowa yanzu, 'yan Kwatano da sauransu, suna da ƙwaƙwalwa a ciki, wadda makanikai ke kira birenbos. Tana auna iskar da ke shiga inji, da zafinsa, da irin hayaƙin da ke fita ta salansa. In ta ga abin da bai yi daidai ba sai ta ajiye wata lamba, ta kunna fitila. Tsarin ana kiransa OBD-II. A Amurka ya zama dole ga motoci tun daga ƙirar 1996, a Turai kuma masu fetur daga 2001, masu dizal daga 2004. Duk motar da ke da shi tana da wani soket mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona na'urar da muke cewa an sa wa mota kwamfuta.

Lambobin suna da tsari. Wadda ta fara da P tana magana a kan inji da giya, B a kan jikin mota, C a kan abubuwan ƙarƙashi irin su birki da sitiyari, U kuma a kan sadarwa tsakanin na'urorin motar. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta cin wuta yadda ya kamata. P0300 na nufin matsalar tana yawo tsakanin silindoji. P0171 na cewa iska ta yi wa mai yawa. P0420 tana ƙorafi a kan matatar hayaƙin nan da ke jikin salansa, wadda ake wa laƙabi da indomi. P0455 kuwa sau da yawa murfin tanki ne ba a ɗaure sosai ba, ko robarsa ta mutu. Kun ga ashe fitila ɗaya ce, amma abin da ke bayanta zai iya zama gyaran minti biyu, zai kuma iya zama abin da zai kwantar da inji. Wanda ya goge lamba bai karanta ba, bai san wanne ya binne ba.

Lambar ma ba ta cewa a canja kaza. Wurin da za a duba take nunawa. P0171 za ta iya fitowa saboda tiyo ya tsage, ko famfon mai ya gaji, ko kuma ƙurar hunturu ta rufe na'urar auna iska, abin da ba baƙo ba ne a hanyoyinmu na karkara. Shi ya sa bakanike na gari yakan karanta, ya duba, ya gwada, sa'an nan ya aike ka Ƙofar Ruwa sayen kaya. Mun sha zama a kan benci a gareji muna kallon irin wannan aiki, muna kuma sha'awar mutumin da zai ɓata rabin sa'a yana bin waya ɗaya, alhali da ya danna maɓallin gogewa da tuni ya karɓi kuɗinsa.

To, me gogewar take yi? Abu uku. Na farko, tana share shaida. Lokacin da ƙwaƙwalwar mota ta ajiye lamba takan ajiye har da halin da injin yake ciki a wannan daƙiƙa: gudun motar, zafin injin, nauyin da yake ɗauke da shi. Wannan bayani ne zai sauƙaƙa wa mai gyara, shi ne kuma yake tafiya. Na biyu, tana barin sawu. Motar tana da gwaje-gwajen da take yi wa kanta a kan hanya, kuma da zarar an goge ko an cire batir sai su koma kamar ba a taɓa yi ba. Duk wanda ya iya na'urar zai ga haka, ya gane an taɓa motar kwanan nan. Motocin Amurka daga ƙirar 2010 ma suna da wasu lambobi da ba sa goguwa da na'ura ko da cire batir, sai motar da kanta ta tabbatar an gyara. Na uku, fitilar tana dawowa, domin ciwon yana nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Har wanda ya cire ƙwai bai tsira ba: in an murɗa makulli kafin a tayar da inji, dole fitilar ta kama tare da sauran. In ba ta kama ba, an yi mata wani abu. Duk mai shirin sayen mota ya riƙe wannan.

Wani zai ce, "Fasto, ai jami'in da ke tsayar da mu a hanya takardu yake dubawa, da taya da fitilu da abin kashe gobara. Wa zai jona na'ura?" Haka ne, sau da yawa za ka wuce. Sai dai akwai mai duban da ba a yi masa wayo, wato hanyar kanta. Daga Kwanar Ɗangora ka karya zuwa Tudun Wada, ka shiga dajin Falgore, ka fita ta Saminaka in Jos za ka. Hanya ce da mai zuwa da mai dawowa suke raba kwalta ɗaya, ga manyan motoci ɗauke da shinkafa da masara. Injin da silinda ɗaya ke yi masa gardama yakan rasa ƙarfi daidai lokacin da ka fito za ka wuce tirela, ga wata tana tahowa. Hawan duwatsun Riruwai da kaya ma yakan tona asirin inji. Babu kuma wanda yake so mota ta mutu masa a tsakiyar Falgore bayan faɗuwar rana, da mata da yara a ciki. In fitilar tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, wannan gargaɗi ne mai tsanani: ɗanyen mai yana zuba cikin salansa yana ƙona matatar hayaƙi. A rage gudu, a nemi wurin tsayawa.

Mun san abin da ke sa mutum ya ce a kashe kawai. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, direban haya yana lissafin kowace lita, ga kuɗin da zai kai wa mai mota, ga iyali. Ba mu raina wannan nauyi ba. Amma lissafin ne ma yake goyon bayan gyara. Na'urar auna hayaƙi in ta mutu, motar takan sha mai fiye da kima, kullum, a kowace tafiya. Haka nan al'adar cire tamostat da sunan wai na ƙasashen sanyi ne: injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, ƙwaƙwalwar tana ta ƙara masa mai, wani lokaci ta ajiye P0128. Fulogi ko koyil da aka ƙi saya yau, gobe shi zai jawo sayen indomi, wadda ke da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta. Araha ba ta ado.

Kada mu ɗauka ƙananan mutane kaɗai wannan jaraba take kamawa. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona cewa kamfanin Volkswagen na Jamus ya sa wa motocinsa masu dizal wata dabara: in motar ta gane ana gwada ta sai ta rage hayaƙi mai guba, in ta hau hanya ta koma halinta. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci wajen miliyan 11 a duniya. Ya biya biliyoyin daloli, shugabansa ya sauka. Bambancinsu da mai baƙin salatif girman kuɗi ne kawai. Dukansu sun shirya motar don idon mai dubawa, sun manta da mutanen da dubawar take karewa.

Nan ne maganar ta taɓa lamirinmu. A Maimaitawar Shari'a sura 22 aya 8 an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufinsa kariya, kamar rawanin da muke yi wa soro, don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Mai gidan ya san inda bakin rufinsa yake, baƙo ne bai sani ba. Haka fasinja yake. Tsohuwar da ta hau motarka a Tiga ba ta san P0300 ba, kai ta amince wa. Wanda ka sayar wa mota da fitila a liƙe ya biya kuɗin lafiyayyiya ya karɓi marar lafiya, kuma zai tuna daga hannun wa ya saya.

Ga abin da muke roƙo mu mayar al'adarmu. Kada mu jira jajibirin dubawa, mu kai mota da sati ɗaya ko biyu a gaba. Kafin a taɓa komai a karanta lambar, mu rubuta ta a takarda ko mu ɗauki hotonta da waya. Mu tambayi bakanike me ya jawo ta, mu kuma ba shi lokaci ya bincika. A fara da masu sauƙi: murfin tanki, matatar iska, tiyo, fulogi, wayoyin da ɓera ya ci. Bayan an gyara, gogewa ba laifi ba ce, aikinta ke nan. Ko ba a goge ba ma, motar takan kashe fitilar da kanta in ta yi gwajin sau uku a jere ba ta ga matsala ba. Sai mu yi 'yan kwanaki muna tafiya da ita, cikin gari da doguwar hanya, don gwaje-gwajenta su cika, sa'an nan mu kai ta. Mu kuma tuna fitilar inji ba ta ganin sanƙon taya ko birkin da ya cinye. Waɗannan aikin idonmu ne.

In kuɗin gyara bai samu ba, mu faɗi gaskiya. Direba ya gaya wa mai mota. Mai sayarwa ya gaya wa mai saye, a rage farashi. Mai jan motar ikkilisiya ya gaya wa dattawa tun da wuri, ko da hakan zai sa a ɗage tafiya ko a yi hayar wata motar. Dattawa kuma kada su ga laifin wanda ya kawo irin wannan labari. Ku da kuke koyon kanikanci da wayarin, za a zo muku da roƙon a kashe kawai, wani lokaci daga wanda ya girme ku. Kuna iya cewa cikin ladabi, "Baba, bari mu ga abin da take faɗa tukuna." Watakila ka rasa cinikin ranar. Amma a ƙananan garuruwa irin namu, bakaniken da aka san ba ya liƙe fitila ba ya daɗewa bai yi suna ba.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya kai kowa gida lafiya, ya albarkaci aikin hannuwanmu. Amin.