Ƙyallen Tela Ya Sama Mini 'Yan'uwa a Funtuwa

'Yan'uwana mata, baƙunta akwai ciwo, balle ga matar da ba ta yawan fita. Da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Malumfashi zuwa Funtuwa, sai da na yi wata 3 ban san kowa ba sai ɗalibaina na Islamiyya. Gari ne na auduga, amma ni ko mai ara mini allura ban samu ba.

Wata dattijuwa a ajin matan aure ce ta lura da jakar da na haɗa da ƙyallaye. Ta ce, "Malama, ashe ke ma tamu ce?" Ranar Alhamis, da yake babu karatu, na nemi izinin maigida ta kai ni gidanta. Mata 7 na tarar bisa tabarma. Ragowar atamfa suke sayowa wajen teloli, su yanka, su jera launi, su shimfiɗa auduga a tsakiya, su ɗinke bargon yara saboda hunturu. Masu ɗinkin hula suna gefe. Gulma kuwa, Baba ba ta bari, da an soma sai ta ce a yi salati.

Nan muke zubin adashi. Da na haihu, ga mahaifiyata tana nesa, su suka yi ta dafa mini ruwan wankan jego har na yi arba'in.