Yadda Na Yi Wa Motata Ƙarya

Masu iya magana sun ce ganau ya fi jiyau. Abin da zan faɗa wa mai karatu yau ba labarin kanti ba ne, a kaina ya faru, saura ƙiris kuwa ya ci ran mahaifiyata.

A unguwar Madaki ta garin Gombe nake zaune. Duk wanda ya san Gombe da damina ya san yadda ruwa ke zaizaye ƙasa ya bar ramuka a lunguna. Motata 'yar Kwatano ce, ƙirar 2013, gajera ƙwarai, kullum sai cikinta ya gogi ƙasa kafin in hau kwalta. A daminar 2023 tayoyin baya suka suɗe, na tafi wurin mai faci. Ya mirgino wasu tayoyi biyu na gwanjo, ya ce, "Yallaɓai, ɗauki waɗannan. Sun ɗan fi naka tsawo, za su ɗaga maka motar, ga sauƙin kuɗi. Ai taya taya ce, in dai ta hau rim." Na ga jifan tsuntsu biyu ne da dutse ɗaya, na biya.

Kashegari sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a allon da ke gaban direba, mai hoton mota da zane biyu a karkace a bayanta. Na ga injin lafiya lau, birki na kamawa, sai na share ta. Har wani abokina ya ba ni shawara in liƙe ta da baƙin salatif don kada ta dame ni.

Bayan mako uku muka kama hanyar Kaltungo ɗaurin aure, ni da Inna da maiɗakina da yara biyu. Mun wuce Kumo ke nan aka soma yayyafi. Muna shan wata kwana sai ga akuya ta faɗo titi. Na karkatar da sitiyari, na komo da shi, sai na ji bayan motar ya kufce mini kamar an ja tabarma. Muka juya, muka gangara gefen hanya, muka tsaya muna fuskantar inda muka fito. Inna tana ta salati, yara na kuka. Allah ya kiyaye, ko ƙwarzane babu wanda ya samu.

Da muka komo na kai motar wurin wani dattijon bakanike. Bai buɗe injin ba. Ya zagaya ya duba tayoyin huɗu, ya dubi fitilar, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, mako nawa motar nan take gaya maka ka yi mata ƙarya?" Na ce, "Baba, wace irin ƙarya?" Abin da ya bayyana mini, da wanda na bi na karanta daga baya, shi ne dalilin wannan rubutu.

A cikin motocin zamani akwai wata na'ura mai hana mota zamewa. Mercedes na kiranta ESP, Toyota VSC, Honda kuwa VSA, amma aikin ɗaya ne. Kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus ne suka fito da ita a 1995. Sunanta ya bazu a 1997, sa'ad da wani ɗan jarida a Suwidin ya kifar da sabuwar ƙaramar Mercedes wajen gwada kauce wa wata dabbar dajinsu mai kama da gwanki, har kamfanin ya komo da motocin ya sa musu na'urar. Amurka ta wajabta ta a kan sababbin ƙananan motoci tun daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamba 2014. Watau da yawa daga motocin da ake shigo mana da su suna ɗauke da ita, masu su ba su sani ba.

Ga yadda take aiki. A kowace ƙafa akwai ɗan ma'auni mai ƙirga juyawar taya. Akwai wani a sitiyari mai faɗin inda direba ya nufa, da wani a tsakiyar mota mai jin yadda jikinta ke juyawa da yadda take rinjaya gefe. Wata ƙaramar kwamfuta ke gwada waɗannan rahotanni sau da yawa cikin daƙiƙa guda. In ta ga inda motar ta dosa ya saɓa da nufin direba, sai ta rage ƙarfin injin, ta danna birkin taya ɗaya tak. In baya ne ya zame, ta danne tayar gaba ta wajen kwana. In gaba ne ya ƙi shan kwana, ta danne ta baya ta ciki. Kamar dai mai kwalekwale a Dadin Kowa ne, in ya tsoma filafili a gefe guda sai jirgin ya juyo. Babu direban da zai iya wannan komai gwanintarsa, domin birkinsa guda ne, ƙafa huɗu yake kamawa tare.

To, ina taya ta shigo? Na'urar nan ba ta da ido, da lissafi take gani, lissafin kuwa an gina shi ne bisa girman tayar da masana'anta ta tsara. Lambar tayoyina na asali ita ce 205/55 R16, watau faɗi milimita 205, tsawon gefe kashi 55 cikin ɗari na faɗin, rim inci 16. Waɗanda na saya 205/65 R16 ne. Lamba ɗaya ce ta sauya, amma tsayin taya ya tashi daga kimanin milimita 632 zuwa 673. A kowace kilomita ta gaba na juyawa wajen sau 504, ta baya sau 473. Ashe tun daga ƙofar gidana kwamfutar ke ganin kamar ƙafafun gaba na santsi alhali a busasshiyar kwalta muke. In irin wannan saɓani ya yi yawa, wata motar takan riƙa kama birki ba dalili, wata kuwa ta janye hannunta ta kunna fitila. In fitilar tana ƙyaftawa, na'urar na bakin aiki. In ta tsaya cak a kunne, to, kai kaɗai ne a fagen.

Ko da duka huɗun aka ƙara wa tsawo, ba a tsira sarai ba. Maleji zai nuna 100 alhali ana gudun kusan 106, motar kuma ta ƙara tashi sama, ta ƙara sauƙin rinjaya a kwana.

Ba zan rantse cewa da na'urar na aiki ba za mu zame ba. Ba ta mai da suɗaɗɗiyar taya sabuwa, ba ta kuma rufa wa mai gudun wuce sa'a asiri. Sai dai don irin wannan daƙiƙa aka ƙera ta, ni kuwa da hannuna na kashe ta saboda 'yan nairori.

Saboda haka, jama'a, kafin a sayi taya a buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙinta akwai takarda mai nuna girman taya da yawan iskar da ta dace. A kuma duba lambobi huɗu na ranar ƙira a gefen taya: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Ban ga laifin mai faci ba, abin da ya sani ya faɗa. Ni da na yi karatun jarida, nake tuhumar mahukunta kullum da yin kunnen uwar shegu da gargaɗi, ni ne na yi mako uku ina kallon gargaɗi a gabana.

Yanzu tayoyina huɗu girmansu ɗaya. Cikin motar na nan yana gogar ƙasa a lungunmu na Madaki, in na ji ƙarar sai in rage gudu, in gode wa Allah. Inna kuwa har yau ba ta shiga sai ta ce, "Ka dai duba fitilar nan taka?" Allah ya kiyaye mana hanya, amin.