Ɗaɗɗoya

Ɗaɗɗoya tsiro ce mai ƙamshi da ke fitowa a bayan ɗaki da gefen rijiya a ƙasar Kauru, musamman da damina. Akan tsinki ganyen, a murza shi a tafin hannu har ƙamshin nan mai kama da na kanumfari ya tashi, sannan a tafasa shi da ɗanyar citta, wadda ake nomawa sosai a wajajen Kafanchan da Kachia. Da ɗumi ake sha, bayan cin tuwon dare. Masu shan ta sun shaida tana kwantar da murɗawar ciki, jiki ya saki, barci ya zo. Amma zazzaɓin da ya ƙi sauka kam sai asibiti. Busasshen ganyen kuma ana turara ɗaki da shi don korar sauro.